Babban Yatsan Baba

Ni nake kai wa surukina ruwan wanka, ni nake kai masa abinci, don haka ni na fara ganin yatsan. Da sassafe ya shigo ta ƙofar baya yana ɓoye hannun dama cikin aljihu, sai ka ce yaron da ya saci sukari. Ƙafarsa duk raɓa, farar auduga ta manne masa a wando har gwiwa.

"Baba, gona ka je?"

"Rufa min asiri, 'yata. Leƙawa kawai na yi. Kada mijinki ya ji."

Leƙawa dai! Mai leƙawa ne zai dawo da jini a hannu? Ɓawon auduga idan ya bushe bakinsa tsini gare shi kamar allura, shi ne ya soke shi a tsakiyar babban yatsa. Na wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri, na ɗaure da ƙyalle mai tsabta, yana ta min dariya wai na mai da ƙaramin abu babba.

Dalilin ɓoyon shi ne, gonar gidanmu da sunan Baba take a rajistar gwamnati. Tallafin da ake bai wa manoman auduga duk shekara ba ya fita sai shi da kansa ya je ofishin gona ya ɗora babban yatsansa na dama a kan gilashin wata 'yar na'ura, ta yi kore. Bara ta ƙi yi. Shekara hamsin yana tsintar auduga, zanen yatsan ya cinye ya koma sumul, aka yi ta kai da komo har wata uku kafin a biya. Shi ya sa bana maigidana, wanda shi ne babban ɗa, ya kafa doka: Baba ba zai taɓa auduga ba sai an biya. Kullum a shafa masa basilin a yatsa, a sa masa safa a hannu, ya zauna a ɗaki zanen ya dawo. Dattijon da bai taɓa wuni a inuwa ba, aka ajiye shi ana kiwon yatsansa.

Ranar da abin ya faru saura kwana goma sha biyu a biya.

Kwana huɗu muna ɓoyewa ni da shi. A na biyar yatsan ya kumbura ya yi ƙyalli, Baba ya kasa riƙe kofin shayi. Ban ga ta ɓoyo ba kuma. Maigidana yana ɗaura takalmi zai fita na tare shi na faɗa masa.

Ya shiga ɗakin Baba kamar zai ci mutum. Bai ce sannu ba. Ya kama hannun ya juya shi ga hasken taga, ya ƙura wa cikin yatsan ido.

"Zanen yana nan," ya ce, ya sauke numfashi. Sannan ya tuna ubansa ne. "Haba Baba! Me na ce maka? Duk wahalar da muka sha bara ka manta?"

Baba ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya yi min ciwo, ganin tsoho mai furfura yana jin kunyar ɗan cikinsa.

Ni na matsa aka kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibitin wata doguwa ce marar wasa. Ta soki ɗan yatsansa na hagu ta auna jini, ta dubi lambar, ta dube mu.

"Kun san yana da ciwon suga?"

"An taɓa faɗa," in ji maigidana.

"To ku saurara. Mai suga ba a wasa da ciwonsa. Wannan yatsan ya tara ruwa har ciki. Yau ɗin nan ku kai shi babban asibiti a tsaga, a kwashe, wataƙila a yanke fatar saman gaba ɗaya. In an yi yau, yatsa ne kawai. In kun jira, ban san inda zai tsaya ba."

"A yanke fatar saman?" Maigidana ya maimaita. Ita kaɗai ya ji a duk maganar. "Malama, ba allurar da za ta riƙe shi mako ɗaya?"

"Riƙe shi yaya? Akuya ce da za a ɗaure? Me ke faruwa nan da mako ɗaya?"

Maigidana ya karɓi takardar da ta rubuta, ya ninke ya sa a aljihu, ya yi godiya. A hanya ya tsaya shagon magani ya sayo ƙwayoyi ja da rawaya, irin waɗanda ake sayar wa kowa a kan kowane ciwo.

Da muka koma gida aka kira ƙanin maigidana, Direba, wanda ke jan motar kaya. Suka zauna a tsakar gida, ni ina gefe ina wanke-wanke, kunnena yana wurinsu.

"Yaya, gaskiyarka," Direba yake cewa. "Waɗannan malaman asibiti, ko ƙurji ka kai musu sai su ce a yanka. Kwana bakwai ne fa. Ana biya, daga ofishin sai asibiti, ni zan kai shi da motata."

"Shi ne na gani. Kuma aikin ma da me za a yi shi? Ai da kuɗin tallafin ne. Don shi muke yi."

Na kasa haɗiyewa. Na ce, "Baban yara, ga auduga can cike da ɗakin ajiya har rufi. A sayar da buhu kaɗan mana."

Ya juyo ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "A wannan farashin? Kin san yadda zai tashi nan da wata biyu? Ke dai ki ji da tukunyarki."

Direba ya yi dariya. "Matar Yaya ta zama dillaliyar auduga."

Abin da ya fi ba ni haushi, Baba ma ya bi bayansu. Da na kai masa abinci na ce ya buɗe baki ya ce a kai shi, sai ya girgiza kai. "Bari, 'yata. Ni na jawo. Bara saboda ni yaran nan suka rasa taki a kan lokaci. Kwana bakwai ba shekara ba ce."

Muka shiga ƙirgen kwana. Safe da yamma ina kwance ƙyallen in wanke in sake. Kumburin ya bar yatsa ya hau tafin hannu. Baba ya daina kwanciya da rana, sai ya zauna a bakin gado ya ɗaga hannun sama ya jingina da bango, wai in ya sauke sai ya ji kamar ana buga masa guduma a ciki. Duk da haka idan jikokinsa suka leƙo sai ya yi musu wasa, ya ce hannun nasa ya yi ƙiba ne don ya fi kowa cin abinci.

Saura kwana biyu, rediyo ta ce an ɗage biyan da mako guda, wai ana gyaran na'urori.

Ina tsaye da tsintsiya na ji. Na dubi maigidana, na ce a raina yanzu kam zai haƙura. Ya kashe rediyon, sannan ya ce, "Mun riga mun yi nisa. In muka kai shi yanzu, wahalar da ya sha ta kwana biyar ta tashi a banza."

Ka ji fa. Wahalar Baba ce ta zama dalilin ƙara masa wata.

A mako na biyu wari ya fara. Ba irin warin da ake share ɗaki ya tafi ba ne. Bakin yatsan ya yi duhu, wani jan layi ya miƙe daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, kaluluwa ta fito masa a hammata. Zazzaɓi yana zuwa da la'asar ya girgiza shi har gadon ya yi ƙara. Maigidana ya sayo turaren fesawa, ya ce in riƙa fesa ɗakin. Ya kuma ce duk wanda ya zo gaishe da Baba a ce yana barci.

Abokin Baba na tun ƙuruciya, tsohon mai awo a kasuwar auduga, ya zo sau uku da sandarsa. Sau uku ina tsayawa a bakin ƙofa ina masa ƙarya.

"Wannan barci na abokina ya yi yawa," ya ce a zuwansa na uku, yana kallon cikin idona. "Ko dai ya yi sabuwar amarya ne kuke ɓoye min?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya daɗe a tsaye, hancinsa yana motsi, sannan ya juya a hankali ya tafi. Da na faɗa masa gaskiya ranar, da ya tara mana unguwa. Ban faɗa ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Saura kwana huɗu a sabon wa'adin, ina wanke hannun, Baba ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"'Yata."

"Na'am, Baba."

"Ya daina ciwo."

Na ce, "Alhamdu lillahi," don bakina ya riga tunanina.

"A'a," ya ce. "Taɓa ki gani." Na taɓa yatsan. Sanyi ƙalau. "Ban ji ba. Ko kin taɓa ban sani ba. Ina ganin ku kai ni wurin likitan nan."

Ban tsaya komai ba. Mazan ba sa gida. Na yafa mayafi na fita titi na tsayar da mai tasi, na roƙe shi ya shigo har ƙofa. Na sa wa Baba riga, na rataya hannunsa na hagu a wuyana, muna takawa kaɗan-kaɗan. Mun kai tsakar gida kenan maigidana ya shigo da buhun taki a kafaɗa.

Ya dubi motar a waje, ya dube mu. Ya ajiye buhun a hankali.

"Ina zuwa?"

"Asibiti. Yatsan ya mutu, Baban yara. Ka zo ka taɓa."

"Ke likita ce?"

"Shi ya ce a kai shi."

Ya matso kusa da ubansa, ya sassauta murya, irin wadda yake yi idan yana ciniki. "Baba, ba ka ce ya daina ciwo ba? Ai sauƙi ke nan, maganin ya fara aiki. Kwana huɗu ya rage. Ka tuna jikokinka. Ka tuna gonar nan, in ba tallafin, da me za mu shuka ta baɗi? So kake a ce gonarka ta kwana ba shuka kana raye?"

Ya san inda zai taɓa. Na ji jikin Baba ya saki a kafaɗata.

"Mai da ni ɗaki, 'yata," ya ce.

Na ce ba zan mayar ba. Maigidana ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa. "Ubanki ne ko nawa? In kika fita da shi ta ƙofar nan, ki wuce gidanku daga can, 'ya'yana kuma ki bar min su." Ya fita ya sallami mai tasin.

'Ya'yana uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Na mai da Baba ɗaki. Na zauna a bayan ɗakin girki na yi kuka har na gode Allah, sannan na tashi na ɗora tukunya, don yara za su dawo daga makaranta da yunwa.

Ranar biya Direba ya kawo mota tun da safe. Baba ba ya iya tsayuwa. Suka sa masa riga mai dogon hannu, suka sa sabuwar safa, suka fesa masa turare har ina tari. Ni aka ce in bi su in riƙe shi.

Ofishin gona dogon ɗaki ne mai benci-benci, fanka ɗaya tana juyawa a sama kamar ba ta so. Manoma sun cika shi har waje, kowa da katinsa a hannu. Muka samu gefen benci. Ba a jima ba na kusa da mu suka fara matsawa, wani ya toshe hanci da hula. Baba ya jingina kansa a kafaɗata, jikinsa zafi kamar garwashi, yana magana ƙasa-ƙasa, wai a kwashe audugar da ke shanya kafin ruwa ya sauko.

Sai bayan azahar aka kira lambarmu. Akawun wata mata ce mai tabarau, ta gaji, ba ta ko ɗaga kai. "Kati. Babban yatsan dama."

Maigidana ya zare safar.

Matar ta ja kujerarta baya har ta bugi bango. "Innalillahi! Mene ne wannan?"

"Ɗan ciwo ne, Hajiya. Daga nan asibiti za mu." Kafin ta sake magana ya kama yatsan ubansa ya danna a kan gilashin. Na'urar ta yi ja. Ya goge yatsan da gefen rigarsa ya sake dannawa, da ƙarfi, har na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Ja. Baba ko motsi bai yi ba. Direba ya ce, "Yaya, karkata shi kaɗan." Ya karkata. Da ya ɗaga, fatar ta zauna a kan gilashin.

Har na bayan layi sun miƙe suna leƙe.

"Sake shi!" matar ta daka masa tsawa. "Na ce ka sake shi! Tun yaushe yake haka?"

Ni na ce, "Yau kwana goma sha tara."

Ta cire tabaraunta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kuka ajiye shi kwana goma sha tara saboda wannan na'urar? Mai ciwo a hannu ai ba ya dangwale. Takardar likita ake kawowa, shafi ɗaya, a buga mata hatimi a biya shi, ko yana kan gadon asibiti. Jiya ma na biya mutum biyu haka."

"Ba wanda ya faɗa mana," in ji maigidana.

"Kun tambaya?"

Gidanmu da ofishin nan tafiyar rabin sa'a ce. Sau nawa Direba yake wuce ƙofarsa da mota a rana? Sun yi shawara da juna, sun yi da mai shagon magani, sun yi da rediyo. Ba wanda ya taka ya tambaya, don kowa yana tsoron a ce masa a'a, a cire sunan Baba daga rajista.

A babban asibiti likita bai ɓata lokaci ba. Ya ce ba maganar yatsa ake ba yanzu, ba ma ta tafin hannu ba. In ana son ransa, sai a cire daga saman gwiwar hannu, kuma yau. Ya tambaya wa ke wanke masa ciwon. Maigidana ya nuna ni. "Ita ce. Mu ba ma gida, ba mu san ya yi haka ba."

Likitan ya dube ni. Na buɗe baki, sai na ga Direba yana kallon ƙasa, na ga maigidana yana kallona da idon nan na ranar tasi. Na ciro takardar malamar asibiti, wadda na tsinta a aljihunsa ranar wanki na adana, na miƙa wa likitan. Ya karanta kwanan watan da ke jiki. Ya dubi maigidana tun daga hula har takalmi, ya miƙa masa biro ya sa hannu a takardar aiki.

Baba ya rayu. Bayan mako uku muka dawo da shi gida, hannun rigarsa na dama a ninke an maƙale shi da fil. Ni nake ba shi abinci a baki, don ya ce ya tsufa da koyon ci da hagu. Ba ya zancen gona. In an buɗe taga ta wajen gonar sai ya ce a rufe, iska tana damunsa. 'Yan gaisuwa suna ta zuwa, maigidana yana zaune a bakin ƙofa yana karɓarsu, yana cewa, "Ƙaddara ce, ciwon suga ba ya jin magani. Mun yi iya ƙoƙarinmu." Su ce Allah ya saka masa da alheri, ɗa na gari. Tsohon mai awo ne kaɗai ya wuce shi bai ba shi hannu ba.

Tallafin ya fito kwana biyu bayan an kai takardar likita. Audugar ɗakin ajiya kuwa har yau tana nan, farashin bai tashi ba.

Jiya da hantsi ina ba Baba shayi, maigidana ya shigo da fara'a, riƙe da wani abu mai ƙyalli. Takardar likitan ce, ya kai an manne ta cikin roba don kada ta lalace. Ya ɗaga ta yana nuna wa Direba da ke bayansa.

"Na tambayi akawun," ya ce. "Wai tunda hannun babu shi gaba ɗaya, wannan takardar ta isa har abada. Duk shekara ni zan kai ta kawai. Baba, ka huta da bin layi."

Baba ya dubi takardar, ya dubi ɗansa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kau da bakinsa daga kofin.

"Yanzu ka iya tambaya," ya ce.

Maigidana ya yi 'yar dariya, ya sa takardar a aljihun gaba ya fita. Ni kuwa na zauna da kofin a hannu har shayin ya huce. Ina zaune a gidan nan, ina dafa wa mutumin nan abinci, ina amsa masa in ya kira. Amma duk wanda ya sake cewa ƙaddara a gabana, sai na faɗa masa kwana goma sha tara ne, kuma ni na ƙirga su da hannuna.